Manhajar R a darasin kusantar rarrabuwa: inda take haskawa da inda take ruɗar ido

Ɗalibin lissafi a jami'ar Ngaundare, ko ta Marwa, ko ta Njamena, da zarar ya shiga shekara ta biyu ko ta uku ta lisans, zai tarar da wani babi da malam ke rubuta sunansa a allo da Faransanci, convergence en loi. A nan za mu riƙa ce masa kusantar rarrabuwa. Ma'anarsa ba ta wuce layi biyu a takarda ba, amma tana kayar da ɗalibai masu ƙoƙari, domin abin da ke matsawa kusa da iyaka a wannan babi siffar rabon yiwuwa ce gaba ɗayanta, alhali an saba da lamba guda tana dosar wata lamba. Shi ya sa ake yawan ba su shawara su sa R, manhajar lissafin ƙididdiga, a kwamfuta su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. Sharhin nan a kan R ne a wannan aiki kaɗai.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne R ta cancanci wurin da za ta ci a kwamfutar kowane ɗalibi, kuma a cikin kayan da ake samu kyauta ba mu ga wadda ta kai ta ba. Sai dai akwai gyara a yadda ake amfani da ita. Abin da aka fi nuna wa ɗalibai shi ne jefa ƙuri'a dubu goma a zana sanduna, kuma wannan shi ne ɓangarenta mafi saurin yaudara. Dukiyar tana cikin umarnan da suka fara da harafin p, wato pnorm, pbinom, ppois, pgamma da 'yan'uwansu, waɗanda ke ba da ainihin amsa ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba.

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara rubuta R a jami'ar Okland ta ƙasar Niyuzilan a farkon shekarun 1990, sigar 1.0.0 kuma ta fito ranar 29 ga Fabrairun 2000. Ba a biyan ko dala, kuma lasisinta ya halatta a kwafa a ba wa wani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda kuɗin data ke da nauyi: fayil ɗin girkawa na Windows bai kai megabait 100 ba, mutum ɗaya ya sauke shi daga rumbun CRAN, sauran aji su karɓa ta filash. Kusan duk abin da za mu ambata a nan yana cikin wannan fayil ɗaya, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. RStudio, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce R, riga ce kawai da ake ɗora mata. Tana da daɗin aiki, amma ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma wannan darasi ba ya bukatarta. Mai tsohuwar kwamfuta ya lura da abu ɗaya: daga sigar 4.2.0 ta 2022 an daina fitar da R don Windows mai bit 32. Wanda na'urarsa irin wannan ce ya nemi 4.1.3 a cikin tsofaffin sigogi da ke ajiye a CRAN, babu abin da zai rasa.

Allon rubutu na AZERTY, wanda shi ne a yawancin kwamfutocin Kamaru da Cadi, yana ɗan wahalar da mai farawa. Bakan [ yana kan AltGr da 5, { yana kan AltGr da 4, # yana kan AltGr da 3, lambobi kuma sai an danne Shift. Kwana biyu hannu ya saba. Abin da ya fi wannan ɓata lokaci shi ne waƙafi. A makarantar Faransanci ana rubuta rabi 0,5, R kuwa 0.5 ta sani. Idan ka rubuta pnorm(0,5) ba za ta ce ka yi kuskure ba, za ta ɗauka kana tambayar yiwuwar samun sifili ko ƙasa da shi a rarrabuwar Gauss, mai siffar ƙararrawa, mai matsakaici 5, ta ba ka lamba ƙarama ƙwarai maimakon 0.6915. Kuskuren da ba ya ƙara ya fi wanda ke ƙara haɗari.

To mene ne ainihin abin da ake son gani? Adadin ƙuri'a, wato lambar da sa'a ke fitarwa, kowanne yana da ma'aunin tari: F(x) ita ce yiwuwar adadin ya zo daidai da x ko ƙasa da shi. Ana cewa jerin X_n ya kusanci X ta rarrabuwa idan F_n(x) tana dosar F(x) a kowane wuri x da F ba ta yi tsalle ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun san abin da ya kawo shi ba. Ɗauki X_n wanda kullum 1/n ne. Kowa ya yarda yana tafiya sifili. Amma F_n(0) sifili ce ga kowane n, domin 1/n bai taɓa sauka zuwa sifili ba, alhali F(0) ta iyakar ɗaya ce. Da an ce dole a dace a ko'ina, da wannan misali mafi sauƙi ya faɗi. A R, inda ecdf ke gina F daga lambobin da aka ba ta, plot(ecdf(1/5)), sannan 1/50, sannan 1/500, suna nuna matakin yana matsowa kusa da sifili bai taka shi ba, da baƙin ɗigo a farkon matakin da ke nuna ta wane gefe aka rufe. A nan R ta yi abin yabo, domin ecdf tana bin ma'anar "daidai ko ƙasa". Wasu tsofaffin littattafai suna amfani da "ƙasa" zalla, sai ɗalibi ya duba wadda malaminsa ke bi kafin ya gwama amsoshi.

Babban abin da ke kawo mutane wurin R shi ne ka'idar iyaka ta tsakiya, wadda de Moivre ya fara hangowa a 1733 a kan jifan kwabo, Laplace ya faɗaɗa ta a 1810, Lindeberg ya ba ta sharaɗinsa a 1922. Tana cewa idan ka tara adadai n masu zaman kansu, masu rarrabuwa iri ɗaya da bariyans mai iyaka (bariyans ma'aunin warwatsuwa ne, sigma kuma tushensa), ka cire matsakaicin jimlar ka raba da sigma sau tushen n, abin da ya fito zai kusanci ƙararrawar Gauss. Gwajin da aka saba yi, inda rexp ke jefa adadai daga rarrabuwar exponentielle mai matsakaici 1, layi huɗu ne:

set.seed(1)
n <- 30; N <- 10000
z <- replicate(N, (sum(rexp(n)) - n) / sqrt(n))
plot(ecdf(z)); curve(pnorm(x), add = TRUE)

Ko tsohuwar kwamfuta tana gama wannan kafin a kurɓi shayi, layukan biyu kuma su kwanta kusan a kan juna. Ɗalibi ya ji daɗi ya rufe kwamfuta. A nan ne ya kamata malam ya tsayar da shi.

Lambobi biyu ne a cikin gwajin, kuma ayyukansu daban. Ƙaramin n shi ne na ka'ida, shi ne ake turawa zuwa marar iyaka. Babban N yawan maimaici ne, yana auna kaifin tabaron da kake kallo da shi. Zanen ecdf(z) ba F_n ba ne, kimarta ce, kuma kimar tana rawa. Akwai ƙa'idar da ta auna wannan rawa, ta Dvoretzky da Kiefer da Wolfowitz, wadda Massart ya kammala a 1990: yiwuwar tazara mafi girma tsakanin zanen da F_n ta gaskiya ta wuce e ba ta fi 2 sau exp(-2Ne²) ba. Idan aka nemi tabbaci na kashi 95 cikin 100, maimaici 1,000 yana barin rawar 0.043, maimaici 10,000 yana barin 0.0136, sai an kai miliyan ɗaya take sauka 0.0014.

Yanzu a gwada wannan da gaskiyar lamarin. Jimlar adadai n na rexp tana bin rarrabuwar gamma, kuma R ta san ta sarai. Yiwuwar jimlar ta tsaya a matsakaicinta ko ƙasa ita ce pgamma(n, n), wadda Gauss ke cewa 0.5 ce. Ga n = 1 amsar 0.632 ce. Ga 5, 0.560. Ga 30, 0.524. Ga 100, 0.513. Ga 1,000, 0.504. Tazarar da ke n = 100 ita ce 0.013, wato ta nutse a cikin rawar maimaici 10,000. Duk wanda ya yi gwajin ƙuri'a da n = 100 da n = 1,000 ya ce ya ga na biyun ya fi kusa, to idonsa ne ya ba shi abin da yake so, zanen bai isa ya rarrabe su ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage ido yana sanin kima zuwa lamba biyu bayan ɗigo, daga nan sai mudu. Mudun kuwa layi ɗaya ne:

curve(pgamma(n + x*sqrt(n), n) - pnorm(x), -3, 3)

Wannan zane yana fitar da ainihin kuskuren a kowane x, sumul babu rawa. Yana da tudu a tsakiya da kwari a gefe biyu, kuma tsawon tudun kusan 0.133 ne a raba da tushen n. Ka ninka n sau huɗu, kuskure ya ragu da rabi kawai. Ɗalibin da ya ga wannan sau uku da n daban-daban ya fahimci saurin kusanta fiye da wanda ya zana sanduna ɗari.

Daga nan ne kuma ake gane raunin maganar nan da ta zama ruwan dare, wai n ya kai 30 shi ke nan. A wannan misali na n = 30, yiwuwar wuce 1.645 ta sama, wadda teburin Gauss ke ba wa 0.05, kimanin 0.06 ce, ta ƙasa kuma ba ta kai 0.04 ba. Dalili shi ne karkata: rarrabuwar asali tana da doguwar wutsiya ta dama, tarawa tana rage karkatar a hankali, ba ta shafe ta nan take. Ma'aunin ruwan sama na kullum a Marwa ko Kusiri, inda ranakun da babu ko ɗigo suka fi yawa sannan wata rana a yi kamar da bakin ƙwarya, ya fi wannan misali karkata, don haka 30 ba za ta ishe shi ba.

Ka'idar Berry da Esseen ta farkon shekarun 1940 ita ce ke ba da iyakar kuskuren: bai wuce C sau rho a raba da sigma³ sau tushen n ba, inda rho ke nufin matsakaicin nisa daga tsakiya bayan an ɗaga nisan zuwa uku. An tabbatar C ba ta wuce 0.4748 ba, kuma ba za ta yi ƙasa da 0.4097 ba. R ba ta da umarni na musamman don wannan, amma lissafin ɗan kaɗan ne, kuma gwada shi da pbinom yana da daɗi. Kwabo mai adalci, jifa 100: iyakar Berry da Esseen 0.047 ce. Ainihin lamarin, pbinom(50, 100, 0.5) tana ba da 0.5398 inda pnorm(0) ke ba da 0.5, tazara 0.040. Kusa ƙwarai da iyakar, wanda ke nuna ka'idar ba ta yi sakaci ba. Tazarar rabin tsallen da ke kan 50 ne, domin yiwuwar samun 50 cif 0.0796 ce, layi mai santsi kuma ba shi da yadda zai yi da tsalle sai ya ratsa ta tsakiyarsa. Idan aka ƙara rabin mataki, aka tambayi pnorm(0.1), sai ga 0.5398. Gyaran rabi da ake koyarwa kamar sihiri, ga asalinsa a fili.

Canza p zuwa 0.01, ka bar n a 100. A ce cikin kowane buhun albasa ɗari da aka loda daga Marwa, yiwuwar kowanne ya ruɓe kafin ya isa kudu ɗaya ce cikin ɗari, kuma ruɓewar wani ba ta shafi wani ba. Yiwuwar kada ko ɗaya ya ruɓe 0.3660 ce, Gauss kuwa ta ce 0.157. Yiwuwar ɗaya ko ƙasa 0.7358 ce, Gauss ta ce 0.5. Ƙararrawa ba ta da abin faɗa a nan. Rarrabuwar Poisson mai matsakaici 1 ita ce ta dace: ppois(0, 1) ta ba da 0.3679, ppois(1, 1) ta ba da 0.7358. Ka'idar Le Cam ta ce jimlar bambance-bambancen duka ba ta kai 2np² ba, wato 0.02 a nan, kuma sum(abs(dbinom(0:100, 100, 0.01) - dpois(0:100, 1))) tana ba ɗalibi damar dubawa da kansa. Wanda ya san harkar albasa zai ce ai ruɓa tana yaɗuwa daga buhu zuwa buhu, zafin mota ɗaya ne ya dafa su duka. Gaskiyarsa, kuma wannan ne ainihin darasin: sharaɗin zaman kai shi ne ginshiƙin lissafin, R kuma ba za ta taɓa tambayarka ko ya cika ba.

Inda gwajin ƙuri'a ya fi amfani shi ne wurin da ka'ida ta ƙi aiki. Sa rcauchy a madadin rexp, ka ɗauki matsakaicin adadai n. Rarrabuwar Cauchy ba ta da matsakaici balle bariyans, kuma matsakaicin guda n nata Cauchy ne dai, babu abin da ya ragu. Ko n 10 ne ko 10,000, rabin sakamakon yana tsakanin -1 da 1, kuma kusan kashi 6 cikin 100 suna wuce 10 ta kowane gefe idan an haɗa. Umarnin quantile yana nuna wannan tsaf. Amma hist, mai zana sanduna, tana lalacewa gaba ɗaya, domin adadi ɗaya da ya kai dubbai yana buɗe ma'aunin zanen, sauran duka su cushe a sanda guda. Ɗalibi ya ga sanda ɗaya siririya a tsakiya ya ce ai ga shi komai ya taru a sifili, alhali akasin haka ne ya faru. Wannan aibi ne na gaske a zaɓin da R ke yi da kanta. Maganinsa a bar hist, a yi plot(ecdf(z), xlim = c(-10, 10)) a ɗora pcauchy a kai.

Dama dai zanen sanduna ba shi ne ma'aunin wannan babi ba. Ma'anar kusantar rarrabuwa a kan F aka gina ta, ba a kan kauri ba, wato layin da sanduna ke ƙoƙarin kwaikwaya. Adadin da ke zaɓar ɗaya daga 1/n, 2/n, har zuwa n/n yana kusantar rarrabuwar bai-ɗaya tsakanin sifili da ɗaya, alhali shi ba shi da kauri sam. Wanda ya nace sai ya yi sanduna, ya tuna da freq = FALSE kafin ya ɗora dnorm, in ba haka ba sandunan suna ƙirga ɗaruruwa, ƙararrawar kuma da ba ta wuce tsawon 0.4 ba ta kwanta a ƙasa kamar zare.

R tana iya lambobi masu ɓangaren i, kuma wannan yana buɗe ƙofar da ɗalibai kaɗan ke shiga. Kowace rarrabuwa tana da tambarinta, wato matsakaicin exp(itX), kuma ka'idar Lévy ta ce idan tambura suka dosi wani abu da ba ya tsalle a t = 0, rarrabuwar ma ta kusanta. Da mean(exp(1i * t * z)) ana samun kimar tambarin daga samfur. A misalin rexp girman tambarin (1 + t²/n) ne an ɗaga shi zuwa -n/2: a t = 1 da n = 30 ya ba da 0.6115, iyakarsa exp(-0.5) kuma 0.6065. Na Cauchy exp(-|t|) ne, kuma idan ka sa t/n ka ɗaga zuwa n sai ya dawo yadda yake, wanda shi ne bayanin taurin kanta a layi ɗaya. Sharaɗin rashin tsalle a sifili ma ana iya ganin amfaninsa. Ɗauki Gauss mai sigma n. pnorm(3, sd = 1000) ta ba da 0.5012, kuma kowane x ka sa amsar tana dosar rabi. Layin da ya tsaya a rabi daga farko har ƙarshe ba ma'aunin tari ba ne, yiwuwar ta tsere zuwa gefe biyu. Zanen R a tsakanin -5 da 5 zai nuna layi a miƙe lafiya lau, ba zai gaya maka nauyin ya gudu ba.

Akwai ruɗanin da kwamfuta ke warwarewa cikin minti ɗaya, wato ɗaukar cewa kusantar rarrabuwa tana nufin adadan kansu suna kusantar juna. Yi x <- rnorm(10000), sannan y <- -x. Zanen ecdf na biyun kusan ɗaya ne, domin ƙararrawa ba ta bambanta dama da hagu. Amma mean(abs(x - y) > 1) tana ba da kusan 0.62. Jerin da ke sauyawa tsakanin x da -x ya kusanta ta rarrabuwa tun daga matakin farko, ta yiwuwa kuwa ba zai taɓa kusanta ba. Sannan x + y sifili ne a ko'ina, alhali jimlar Gauss biyu masu zaman kansu tana da bariyans 2. Ga dalilin da ya sa ka'idar Slutsky ta ce ɗaya daga cikin jerin biyu sai ya dosi tsayayyar lamba kafin a tara su ko a ninka. Amfaninta na yau da kullum shi ne musanya sigma da kimarta daga samfur, kuma qt ta rarrabuwar Student, wadda lambarta ta biyu girman samfur ce a cire ɗaya, tana nuna farashin musanyar: qt(0.975, 4) 2.776 ce, a 29 ta zama 2.045, a 99 ta zama 1.984, tana gangarowa zuwa 1.960 ta qnorm.

Tarkunan R a wannan fanni yawancinsu na sunaye ne da al'ada. Darasi yana rubuta N(m, sigma²), amma rnorm da pnorm sigma suke karɓa, ba bariyans ba. Wanda ya sa 4 yana nufin bariyans ya samu rarrabuwa mai bariyans 16. rgeom tana ƙirga faɗuwa kafin nasarar farko, don haka daga sifili take farawa, alhali a yawancin darussan Faransanci daga ɗaya ake farawa, sai an ƙara 1. rexp saurin faruwa take karɓa, wato ɗaya bisa matsakaici. A wutsiya mai nisa, 1 - pnorm(10) tana ba da sifili cif, saboda kwamfuta ba ta riƙe bambancin da ya gaza kimanin 2.2e-16 kusa da ɗaya. pnorm(10, lower.tail = FALSE) ita ke ba da 7.6e-24. Duk waɗannan suna rubuce a shafukan taimako da ake buɗewa da alamar tambaya, kamar ?rgeom, sai dai shafukan da Ingilishi suke, ko da saƙonnin kuskure suna fitowa da Faransanci. Ga ɗalibin Garwa ko Njamena wannan nakasu ne, kuma bayanin a taƙaice yake ƙwarai, an rubuta shi don wanda ya riga ya sani.

ks.test, wadda ke gwama samfur da rarrabuwa, tana bukatar gargaɗi nata daban. Lambar D da take bayarwa, tazara mafi girma tsakanin ecdf da F, ita ce daidai abin da ake so a auna, musamman da yake Pólya ya nuna cewa idan F ta iyaka ba ta tsalle ko'ina, kusantar tana faruwa bai-ɗaya a duk layin. Amma lambar p da ke biye da ita wata tambaya take amsawa: shin samfurin Gauss ne cif? Ga kowane n mai iyaka amsar a'a ce, don haka idan ka ƙara N sosai gwajin zai ƙi, idan ka rage shi zai amince, kuma babu ɗayansu da ya ce komai game da iyaka. Haka nan idan ka ciro matsakaici da sigma daga samfurin sannan ka ba ta, lambar p tana kumbura fiye da gaskiya. Wani lokaci kuma tana kukan an samu lambobi masu maimaituwa ko da rarrabuwar mai santsi ce. Injin ƙuri'ar R, Mersenne-Twister, lambobi daban-daban 2³² kawai runif ke iya fitarwa daga gare shi, saboda haka a jifa 100,000 ana sa ran a samu kusan tagwaye ɗaya. Ba lalacewa ba ce.

Game da set.seed, a riƙa sa shi a saman kowane fayil, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki a iya maimaita sakamakon daidai. A kuma rubuta umarnai a fayil a ajiye, kada a dogara da tagar da ake bugawa kai tsaye. Tun daga sigar 3.6.0 ta 2019 an canza yadda sample ke zaɓe, don haka lambar set.seed ɗaya tana iya ba da sakamako daban tsakanin tsohuwar siga da sabuwa, ɗalibai biyu su yi ta musu a banza. Ƙwaƙwalwa ma abin lura ce. Kowace lamba bait 8 take ci, teburi mai 10,000 sau 10,000 ya kama megabait 800 ke nan, kuma kwamfuta mai gigabait 4 za ta fara ja da ƙyar. replicate tana jefa n ta tara ta zubar kafin ta ci gaba, ba ta cika ƙwaƙwalwa.

Ɓangaren da ya fi kusa da rayuwar yankin nan shi ne na mafi girma, domin mai gina gada ko madatsa ba matsakaicin ruwa ne damuwarsa ba, ambaliyar da ta fi kowacce ce. Mafi girman adadai n na rexp, idan aka cire log n, yana da F_n(x) = (1 - exp(-x)/n)^n, wadda ke dosar exp(-exp(-x)), rarrabuwar Gumbel. A x = 0 tana ba da 0.3487 ga n = 10, 0.3660 ga 100, 0.3677 ga 1,000, iyaka kuma 0.3679. Kuskuren yana raguwa kamar 1/n, ya fi na ka'idar tsakiya sauri sosai. Mafi girman adadan Gauss ma Gumbel yake dosa, amma da tafiyar hawainiya, kamar ɗaya bisa log n, har miliyan ba ta isa a ce an iso ba. R ta asali ba ta zo da umarnin Gumbel ba, sai mutum ya rubuta da kansa ko ya sauke ƙarin ƙunshi. Kuma Gumbel ɗaya ce cikin iyakoki uku da Fisher da Tippett suka gano a 1928, Gnedenko ya tabbatar a 1943. Wutsiya mai nauyi tana kai wa ga Fréchet, wadda ke ba ambaliya babba yiwuwa mafi yawa.

Wanda zai ɗora wannan a kan ma'aunin kogin Binuwai a Garwa, ko na Logon a Kusiri, yana da aiki biyu kafin ya zana komai. Fayil ɗin da aka fitar daga Excel na Faransanci yana raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, yana rubuta 4,75 a madadin 4.75, don haka read.csv2 ce ke karanta shi. read.csv za ta haɗiye shi a gurguje ko ta mai da lambobin rubutu, umarnin str kuma shi ne ke tona hakan. Na biyu ya shafi kogin kansa. An kammala madatsar Lagdo a saman Garwa a 1982, kuma tun daga lokacin tsawon ruwan da ke wucewa ta garin ya dogara har da yadda ake buɗe ƙofofinta. Shekarun kafin 1982 da na bayanta ba rarrabuwa ɗaya suke bi ba, saboda haka sai an raba jerin gida biyu, kowanne a yi masa nasa ecdf, a ɗora su a zane ɗaya a ga tazarar da ke tsakaninsu kafin a kawo maganar Gumbel.